Faifai ya mutu a cikin RAID: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake canza shi ba tare da an yi asara ba

Galibi da ƙara abin yake farawa. Akwatin ajiyar ofis da ya shekara uku a lungu babu mai waiwayarsa, sai a wayi gari yana kuka ɗit-ɗit, fitila ɗaya ta koma ruwan lemo. Ko kuma saƙo ya shigo imel da tsakar dare cewa rukunin faya-fayai ya koma Degraded. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu kula da saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) da akwatunan NAS (akwatunan ajiyar bayanai da kwamfutocin ofis ke amfani da su tare) suka fi yi idan hakan ta faru. In na ce faifai, ina nufin abin da masu gyaran kwamfuta ke kira had-dis. In na ce rukuni, ina nufin faya-fayan da aka haɗe suka zama ma'aji guda, kuma irin wannan haɗi shi ake kira RAID.

Allon ya nuna Degraded. Bayanaina sun tafi ke nan?

A'a, suna nan. Kalmar na nufin faifai ɗaya ya fita daga aiki, sauran sun ɗauki nauyinsa, kuma rarar da aka tanada domin irin wannan rana ta ƙare ko ta ragu. Kamar direban da ya ɗaura safayar tayarsa ne a tsakiyar daji: motar na tafiya, amma wani ƙusa guda ya ishe shi kwana a hanya. Daga wannan lokaci har zuwa sa'ar da sabon faifai zai gama cika, nan ne hatsarin yake. Mutuwar faifan farko kusan ba ta jawo asara. Abin da ake yi bayanta ne yake jawowa.

Faifai nawa rukunina zai iya rasawa kafin komai ya rushe?

Ya danganta da irin ɗaurin da aka yi masa tun farko. RAID 0 ba ya jure ko ɗaya, domin yanka bayanai kawai yake yi yana rarraba su saboda sauri. Faifai ɗaya ya faɗi, duka sun tafi, kuma wannan shafi ba zai amfane ka ba sai dai ka koma ga kwafin ajiyarka. RAID 1 madubi ne, abin da ke cikin wannan shi ne ke cikin wancan, don haka muddin ɗaya na da rai kana da komai. RAID 5 yana buƙatar faifai 3 ko fiye, kuma ɗaya tak yake jure rasawa. RAID 6 yana farawa daga faifai 4, yana jure biyu. RAID 10 tagwaye ne aka jera: zai iya rasa fiye da ɗaya, amma in tagwaye biyu na gida ɗaya suka mutu tare, shi ke nan. A ZFS, wani tsarin adana fayiloli mai RAID na kansa, RAIDZ1 ɗan'uwan RAID 5 ne, RAIDZ2 kuma na RAID 6.

Sunan RAID ɗin kansa daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito, inda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka bayyana matakai na 1 zuwa 5 a takardar da suka gabatar a 1988. A wancan zamani ana lissafin girman faifai da megabait ne. Ka riƙe wannan, zai dawo a maganar RAID 5.

Tunda faifan ya mutu, daga ina ake samo abin da ke cikinsa?

A madubi, kwafa kawai ake yi daga mai rai. A RAID 5 da 6 kuwa lissafi ne. Ka ɗauka faifai uku suna riƙe da 4 da 7 da 9, na huɗu kuma an rubuta masa jimlarsu, 20. In mai riƙe da 7 ya ɓace, sai a cire 4 da 9 daga 20, 7 ta dawo. Na'urar ba tarawa take yi ba, wani lissafi ne mai suna XOR, kuma ba a faifai ɗaya take tara sakamakon ba, rarraba shi take yi a kan duka. Amma ma'anar ɗaya ce: kafin a dawo da ko wane ɗan guntu na faifan da ya mutu, sai an karanta takwaransa a kan kowane faifai da ya rage. Wato sake gini yana nufin a karance dukkan faya-fayan da suka tsira, tun daga farko har ƙarshe, ba hutawa.

To me zan fara yi? In garzaya kasuwa?

Kafin kasuwa, duba kwafin ajiyarka. Yaushe aka yi na ƙarshe? Yana buɗewa? In babu, ko ya tsufa, ka samo faifan waje ka kwashe abin da ba za ka iya rasawa ba: kundin lissafin kuɗi, rumbun bayanan kwastomomi, takardun da ba su da kwafi ko'ina. Mafi muhimmanci shi ne farko, fina-finan da ma'aikata suka tara su jira.

Wasu za su ce kwashe bayanai ma wahalar da faya-fayan ne. Gaskiya ne, amma kwashe gigabait 200 da ka zaɓa da hannunka bai kai karance terabait 20 ba, kuma in wani abu ya faru a tsakiya, ka fita da wani abu a hannu. In kana da kwafin jiya mai kyau, to tsallake wannan ka wuce ga canji.

Sannan ka rubuta yadda komai yake kafin ka taɓa: irin RAID ɗin, jerin faya-fayai da gurbin kowanne, lambobin siriyal. Ɗaukar hoton allon da waya ya wadatar.

Ta yaya zan tabbatar faifan ne ya lalace, ba waya ko wuta ba?

Tambaya ce mai kyau, domin ba duk faifan da aka kora daga rukuni ne matacce ba. Wayar SATA da ta saki, ko na'urar ba da wuta da ta fara gajiya, ko gurbin da ƙura ta cika, duk suna sa faifai ya ɓace na ɗan lokaci a kore shi.

Kowane faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa da ake kira SMART. A Linux umarnin smartctl -a /dev/sdb zai fito da shi, a Windows akwai CrystalDiskInfo, akwatunan NAS kuma suna nuna shi a shafin kula da ma'aji. Layukan da za ka zuba wa ido su ne 5, 187, 188, 197 da 198. Su ne biyar ɗin da kamfanin Backblaze, mai dubban faya-fayai, ya ce yana sa wa ido. Lamba 5 tana ƙirga ƙananan guraben rubutu na cikin faifai (sekta) da suka ruɓe aka musanya su da na ajiya, 197 kuma waɗanda aka kasa karantawa ake jiran hukuncinsu. In waɗannan suna hawa, faifan ne. In kuwa su sifili ne amma layi na 199 yana ƙaruwa, ka fara zargin waya ko mahaɗi, domin wannan layin kurakuran da ke faruwa a kan hanya yake ƙirgawa. Alama mafi ƙarfi ita ce ka sa sabon faifai a gurbi ɗaya shi ma a kore shi bayan kwana biyu. Nan gurbin ne ba shi da lafiya.

Kada ka ɗauki SMART a matsayin boka. A binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan faya-fayai sama da 100,000, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba kafin su faɗi. In ya yi gargaɗi ka yarda da shi, in ya yi shiru kada ka saki jiki.

Yaya zan gane wanda zan zare a cikin akwatin?

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai. Rukunin RAID 5 da ya rasa faifai ɗaya yana tsaye ne da ƙafa guda. In ka zare mai lafiya bisa kuskure, ka mayar da shi rukunin da ya rasa biyu, kuma nan take zai tsaya. Garin gyaran gira an rasa ido.

Sunaye irin su sda da sdb da sdc ba sa nuna wurin zama. Linux yana raba su ne bisa wanda ya fara amsawa lokacin tashi, kuma suna iya sauyawa daga wannan kunnawa zuwa waccan, musamman in ɗaya ya mutu ya bar gibi. Lambar gurbi ma tana yaudara: wasu na'urori daga 0 suke fara ƙirge, wasu daga 1, wasu daga hagu, wasu daga sama. Na taɓa tarar da wani ofis inda manhaja ta ce faifai na 2 ya mutu, mai kula da wurin ya ƙirga ɗaya, biyu, ya zare. Katin RAID ɗinsu, wato na'urar da ke sarrafa rukunin, daga sifili yake farawa, na ukun ne matacce. An dai dawo da bayanan, amma sai da aka kwana biyu ba a yi aiki ba.

Abin dogaro guda ɗaya shi ne lambar siriyal. Umarnin lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL zai jera su, haka ma ls -l /dev/disk/by-id. In mataccen ya daina amsawa gaba ɗaya har siriyal ɗinsa ba ya fitowa, sai ka rubuta na masu rai; wanda ba ya cikin jerin shi ne naka. Sabobin Dell da HPE da makamantansu suna da hanyar kunna fitilar gurbi ta riƙa ƙyaftawa, a Linux kuma ledctl yana yin haka in akwatin ya yarda. Ka kunna, ka je ka gani da idonka, sannan in ka zare ka gwada siriyal ɗin da ke jikin takardar faifan da wanda ka rubuta. In akwatin ba mai fitila ba ne, kashe shi ka buɗe ka karanta ɗaya bayan ɗaya. Kuma tunda an buɗe, ka manna wa kowane aljihu takarda mai ɗauke da haruffa huɗun ƙarshe na siriyal ɗinsa, domin wata ranar.

Sai na kashe na'urar kafin in canza?

In faya-fayan suna cikin aljihunan da ake zarowa ta gaba, kuma littafin na'urar ya ce ana canzawa tana kunne, to a kunne ya fi. Tsoffin faya-fayan da suka shekara huɗu ko biyar suna juyawa ba tsayawa, wani lokaci in suka huce ba sa sake tashi. In kuwa kwamfuta ce ta tebur da aka ɗaure faya-fayai da sukurori a ciki, kashe ta ka zare wuta. In ka zaro faifai mai juyawa, ka ɗan ja shi kaɗan ka jira kamar rabin minti ya tsaya kafin ka fito da shi duka.

Wane irin faifai zan sayo?

Girma tukuna. Dole ya kai na tsohon ko ya fi shi. In ya gaza ko da sekta ɗaya ce, za a ƙi shi. In ya fi girma zai yi aiki, sai dai rarar za ta zauna banza har sai an canza sauran. Sannan mahaɗi: katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma faifan SAS ba ya shiga mahaɗin SATA, kuma katunan saba da yawa ba sa yarda a gauraya biyun a rukuni ɗaya. Haka girman sekta: faifan 4Kn, mai sekta ta bait 4,096, ba ya zama da masu bait 512 a yawancin katuna. Lambar samfurin tsohon faifai za ta faɗa maka duk wannan in ka nemi takardar bayaninsa.

Akwai kuma maganar CMR da SMR, wadda ta cuci mutane da yawa. Faifan SMR yana ɗora layukan rubutu kan juna kamar jinkar kwano, domin a cusa bayanai da yawa a wuri kaɗan; na CMR kuwa layukansa ba sa hawa kan juna. Wajen karatu ba laifi, amma in aka matsa masa da rubutu na awanni ba tsayawa, kamar yadda sake gini ke yi, sai ya riƙa tsayawa yana gyaran cikinsa. A 2020 aka gano cewa wasu faya-fayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6, waɗanda ake sayarwa musamman domin NAS, SMR ne ba tare da an rubuta a jiki ba, masu ZFS suka yi ta kukan gini yana ɗaukar kwanaki ko faifan ya fice a tsakiya. Bayan hayaniyar ne kamfanin ya ware layin Red Plus a matsayin CMR. Ka nemi CMR, ka duba da lambar samfuri, kada ka tsaya ga launin takarda.

Abu na ƙarshe, halin faifai in ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa. Faifan kwamfutar gida yakan nace yana gwadawa har fiye da minti, kati kuwa ba shi da wannan haƙuri, sai ya ɗauka ya mutu ya kore shi. Faya-fayan NAS da na saba an saita su su haƙura bayan kamar daƙiƙa 7 su faɗa wa kati ya nemo guntun daga sauran. Western Digital na kiran wannan TLER, Seagate na kiransa ERC. Shi ne babban abin da ƙarin kuɗin ke saya maka.

Dole ne ya zama kamfani ɗaya da samfuri ɗaya?

A mdadm (manhajar RAID ta Linux) da ZFS da yawancin NAS, ba dole ba ne. A wasu sabobin manyan kamfanoni kati yakan yi ƙorafi in faifan ba nasu ba ne, don haka duba tukuna. Ni a ganina bambancin ma alheri ne. Faya-fayan da aka ƙera a mako ɗaya, aka kunna rana ɗaya, suka sha zafi ɗaya, suna iya tsufa tare. Misali mafi muni shi ne gargaɗin da HPE ya fitar a ƙarshen 2019: wasu SSD ɗinsa na SAS suna da kuskure a manhajar cikinsu da ke kashe su daidai awa 32,768 da fara aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8. Duk wanda ya kunna rukuni a rana ɗaya bai sabunta manhajar ba, kusan tare za su mutu masa, kuma babu matakin RAID da ke maganin wannan. In faifai ɗaya ya faɗi a cikin sa'o'insa, ka shafa wa gemun sauran ruwa.

Na samu na hannu da araha. In sa?

In da hali, a'a. In babu, ka gwada shi a wata kwamfuta kafin ya shiga rukuni: dubi layi na 9 a SMART ka ga awa nawa ya yi aiki, ka yi masa dogon gwaji da smartctl -t long, in da lokaci ka rubuta masa daga farko har ƙarshe ka karanta. Ka sani kuma ana goge ƙidayar SMART. A farkon 2025 an yi ta samun rahoton tsoffin faya-fayan Seagate na saba da wasu dillalai suka goge wa ƙidaya suka sayar a matsayin sababbi, aka gano su ta wani rahoto na biyu mai suna FARM da ke cikin faifan. Sabo fil ma yana bukatar gwajin, don wasu a hanyar jigila suke samun rauni.

Na sa sabon. Ginin da kansa yake farawa?

A katunan saba irin su PERC na Dell da Smart Array na HPE da MegaRAID, galibi e, da zarar faifai mara komai ya shiga gurbin da aka zare. A akwatunan NAS na Synology sai ka shiga Storage Manager ka zaɓi Repair ka nuna masa faifan. A ZFS umarni ɗaya ne: zpool replace, sunan rukuni, tsohon faifai, sabon faifai, sannan ka bi shi da zpool status.

A mdadm da hannu ake yi. Umarnin cat /proc/mdstat zai nuna maka wani abu kamar UU_, inda alamar _ take wakiltar wanda ya faɗi. Ka cire shi daga rukuni da --fail sannan --remove, ka canza faifan, ka kwafa masa tsarin yankunan da aka raba faifai (partition) daga mai lafiya, sannan --add. Wajen kwafar tsarin ne ake tuntuɓe. A umarnin sgdisk --replicate=/dev/sdb /dev/sda, wanda ke manne da alamar daidai shi ake rubuta wa, na ƙarshen kuma daga gare shi ake kwafa. In ka juya su, ka shafe tsarin faifai mai lafiya da na wofi. Karanta sau biyu kafin ka danna. Bayan nan sgdisk -G a kan sabon domin ya samu lambar shaida tasa ta kansa. In daga wannan rukuni kwamfutar ke tashi, kada ka manta da grub-install a kan sabon faifai. Mutane da yawa sai ranar da ɗayan ya mutu suke gane cewa sabon bai iya tayar da na'ura ba.

Katin ya ce ya ga Foreign configuration. Import ko Clear?

Ma'anarsa faifan yana ɗauke da tambarin wani rukuni. In sabon da ka kawo ne, wanda ya taɓa aiki a wata saba, to a kansa shi kaɗai za ka share tambarin. In kuwa faya-fayanka na asali ne kati ya daina ganewa, bayan canjin kati ko ɗaukewar wuta, sharewa na nufin ka jefar da taswirar bayananka. In kana shakka, kada ka danna ko ɗaya. Haka duk inda ka ga Initialize ko Create a kan faya-fayan da ke da bayanai, janye hannunka.

Awa nawa zai ɗauka?

Raba girman faifai da saurin rubutunsa. Faifai mai terabait 8 da ke rubuta megabait 150 a daƙiƙa zai ci kusan awa 15, mai 16 kuma kusan 30, in babu mai damun sa. Da ma'aikata a kai, ninka biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. ZFS yakan fi sauri in rukunin bai cika ba, domin wuraren da ke da bayanai kawai yake kwafa, alhali katin saba da mdadm har wofi suke ginawa. Ana iya ci gaba da aiki, amma ka dakatar da manyan ayyuka, kuma in za ka iya farawa da yammacin ranar da za a tafi hutun mako, ya fi.

Me ya sa ake cewa faifai na biyu yakan mutu ana tsakar gini?

Dalili biyu. Na farko, sa'o'in juna ne kuma an ɗora musu aikin da ba su taɓa yi ba. Na biyu ya fi ɓoyuwa: sau da yawa faifan na biyu ya daɗe da rauni, ba a dai sani ba. Akwai fayilolin da aka rubuta shekara uku da suka wuce ba a sake buɗe su ba, wani gurbi a ƙarƙashinsu ya ruɓe shiru. Ranar gini ce ranar farko da aka bi ta kansa, kuma a ranar babu rarar da za a cike shi da ita.

Takardun faya-fayan gida sukan yi alkawarin kuskuren karatu bai wuce 1 a cikin bit tiriliyan 100 ba, wato kimanin terabait 12.5, na saba kuma 1 a tiriliyan 1,000. RAID 5 mai faifai 4 na terabait 8 sai ya karance terabait 24 kafin ya gama gini. Wannan adadi iyaka ce ta alkawari, kuma a zahiri faya-fayai sun fi haka kyau nesa ba kusa ba, don haka masu cewa ginin dole ya rushe sun yi zuzutawa. Duk da haka, tsarin da aka zana a zamanin megabait ba zan ɗora masa faya-fayai masu terabait 8 ko fiye ba. RAID 6 ko RAIDZ2 ko RAID 10 zan zaɓa.

Maganin ruɓewar ɓoye shi ne sintiri: na'ura ta riƙa karance komai lokaci-lokaci tun rara tana nan, ta gyara abin da ta tarar. ZFS na kiransa scrub, katunan saba Patrol Read ko Consistency Check, Synology kuma Data Scrubbing. A Debian an riga an saita mdadm ya yi shi ranar Lahadin farko ta kowane wata. Duba ko naka yana yi.

In aka ɗauke wuta ana cikin gini fa?

Ga wanda ke aiki inda wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan ba tambayar wasa ba ce. Yawancin tsare-tsare suna ajiye alamar inda suka tsaya su ci gaba daga nan. Matsalar ita ce rubutun da wuta ta yanke a tsakiya: bayanin ya sauka, lissafinsa bai sauka ba. A rukuni mai lafiya ana gyara wannan, a rukunin da ya riga ya rasa faifai kuwa babu abin gwadawa, shi ya sa mdadm ke ƙin tayar da RAID 5 da ya faɗi a wannan hali sai an tilasta masa. Don haka kada ka fara gini sai da UPS mai batir mai rai, an haɗa shi da na'urar ta USB yadda za ta kashe kanta cikin tsari, da kuma man janareta ko cajin inbata da zai kai ƙarshen aikin. In katinka na da batirin kansa, duba lafiyarsa shi ma.

Zafi ma abin lura ne. Gini yana ɗaga zafin faya-fayai, kuma yawancinsu iyakarsu digiri 60. A watan Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyaya, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ba wuya a kusanci wannan. Share matatar, tabbatar fankoki na juyawa.

Faifan bai mutu ba, gargaɗi kawai yake yi. In jira?

Kada ka jira, kuma kada ka zare shi tukuna in kana da gurbi ko mahaɗi na wofi. Sa sabon a gefe, ka bar na'ura ta kwafa daga mai ciwon kai tsaye, inda ya kasa ta cike daga sauran. Ta haka rukunin ba ya rasa rararsa ko na minti ɗaya. A mdadm, bayan --add sai --replace tare da --with; zpool replace ma haka yake yi in tsohon yana nan a haɗe. Wannan ita ce hanya mafi aminci a duk shafin nan, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Biyu sun faɗi a RAID 5. Akwai sauran fata?

Sau da yawa akwai, in ba a ƙara ɓata shi ba. Tsayar da komai. Kada ka sake ƙirƙirar rukuni, kada ka saki manhajar gyaran fayiloli a kansa, kada ka yi ta kashewa da kunnawa. Yawanci faifan da ya faɗi na biyu gurabe kaɗan ne suka ruɓe masa. Ana kwafe shi zuwa sabon faifai da ddrescue, wanda ke tsallake wuraren da suka ƙi ya dawo musu daga baya, sannan a haɗa rukunin da kwafin. A lura da wanda ya fara faɗi: in ya yi wata biyu a waje, bayanansa sun tsufa, shigar da shi zai gurɓata sauran. In faifan yana ƙwas-ƙwas, kashe shi. Wannan aikin ƙwararrun masu ceto bayanai ne da ke da ɗaki na musamman, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

Faifan ko-ta-kwana yana da amfani?

Yana da shi, musamman ga na'urar da ke nesa da kai: yana zaune a kunne, da ɗaya ya faɗi gini ya fara. Aibinsa shi ne ginin zai fara kafin ka duba kwafin ajiya. In gurbi ɗaya ne ya rage maka kuma kana tsakanin RAID 5 da faifan ko-ta-kwana ko RAID 6, ɗauki RAID 6. Ko ma wanne ka zaɓa, ajiye faifai guda da ka gwada a cikin durowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle in samfurin sai an yi odarsa daga waje a jira mako uku.

Ya kai kashi 100. An gama?

Saura kaɗan. Tabbatar rukunin ya koma Optimal ko Healthy ko ONLINE, gwargwadon yaren na'urarka. Sa shi ya yi sintiri guda cikakke, duba SMART na sabon da na tsoffin, buɗe wasu fayiloli ka gani. Sannan gwada saƙon gargaɗi: aika na gwaji ka ga ko ya iso wayarka. Rukunai da yawa suna yin watanni da faifai ɗaya a mace saboda imel ɗin yana zuwa akwatin ma'aikacin da ya bar aiki tun bara.

Tsohon faifan fa, in jefar?

Da bayananka a ciki. Na RAID 1 yana ɗauke da komai, na RAID 5 kuma guntaye ne, amma guntu ɗaya ya isa ya ƙunshi takarda sukutum ko jerin lambobin waya. Riƙe shi a durowa har gini da sintiri su kammala, don in abu ya ɓaci yana iya zama shi ne mai ceto. Bayan nan, in yana amsawa ka rubuta masa sifili daga farko har ƙarshe. In yana cikin garanti, duba siriyal a shafin kamfanin. Faya-fayan NAS galibi shekara 3 ne, na saba shekara 5, sai ka auna ko abin da ke ciki ya dace ya bar hannunka. In ba ya amsawa kuma bayanan masu nauyi ne, kwance shi ka fasa faranten da ke ciki, ko ka huda shi da injin huda wuri uku ko huɗu kafin ya tafi wurin 'yan gwangwan.